Wa ke tsaron zauren kotu? Tsakanin gardi, jandarma da wisiye

A kowace kotu ta Nijar, tun daga ƙaramar kotun Magariya har zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram, doka ta ɗora wa alƙalin da ke shugabantar zama nauyin tabbatar da natsuwa a zaure. Shi ke ba da izinin magana, shi ke tsayar da ita, yana iya sa a fitar da wanda ya tada hayaniya, kuma idan aka aikata laifi a gabansa yana da ikon sa a kama mai laifin nan take. Wannan ƙa'ida tana cikin kundin tafiyar da shari'ar laifuffuka wanda ƙasar ta ɗauka a 1961, kuma asalinta daga dokar Faransa ne.

Sai dai mutumin da zai miƙe ya riƙe mai hayaniyar ya fitar da shi waje ba ma'aikacin alƙali ba ne. Ko dai gardi ne ko ɗan sanda, dukansu biyu a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida suke, ko kuwa jandarma, wanda ma'aikatar tsaro ke riƙe da shi. Albashinsa, ƙarin girmansa, canjin wurin aikinsa, har da hutun da zai tafi, duk wani shugaba ne daban ke sa musu hannu. Umarni na alƙali ne, mutanen da za su aiwatar da shi kuwa aro ne.

A ƙasashe da dama an daɗe ana jayayya a kan wannan aro. A Amurka ma tambayar tana da sunanta: a bar tsaron kotu a hannun mutanen sherif, ko kotu ta ɗauki nata ma'aikatan, waɗanda ake kira belif? Kalmomin baƙi ne a kunnen mutumin Guci ko na Dogo-Dogo, amma abin da ake jayayya a kansa ya shafe shi kai tsaye ranar da aka aiko masa da sammaci.

Sherif da belif

Da farko, sherif ɗin Amurka ba shi da wata alaƙa da sharifan da aka sani a ƙasar Hausa. Kama ce kawai ta lafazi. Tsohuwar sarauta ce ta Ingila, wakilin sarki a gunduma, wadda Turawan da suka yi ƙaura suka tafi da ita. A yau akwai sherif sama da 3,000 a Amurka, kusan dukansu zaɓensu ake yi da ƙuri'a. Sherif ke riƙe da gidan kason gunduma, mutanensa ke sintiri a ƙauyukan da babu ƴan sandan birni, su ke kai takardun kotu, kuma a yawancin jihohi su ke tsaye a ƙofar gidan shari'a da bindiga. Idan aka nemi takwaransa a Nijar, aikin nasa ya haɗa na gardi da wani sashe na aikin jandarma.

Belif kuwa, a ma'anar da ake amfani da ita a wannan jayayya, ma'aikaci ne da kotu ta ɗauka da kanta, take biyansa daga kasafinta, alƙali ke ba shi umarni, kuma ba shi da wani aiki in ban da zauren shari'a. Jihar Niyok tana da irin wannan runduna ta jami'an kotu, haka ma Masacusets, inda jami'an ba sa ɗaukar bindiga. Kotunan tarayya kuma hukumar mashal ce ke tsaronsu tun 1789.

Masu son a bar aikin ga sherif suna cewa mutanensa sun san masu laifi, suna da horon makami, kuma tun da su ne suka fito da fursuna daga kaso, babu dalilin miƙa shi ga wani a ƙofar kotu, domin wurin miƙawar nan ne ake yawan samun sakaci. Ɗaya ɓangaren na cewa sherif ɗan siyasa ne mai neman ƙuri'a, kuma duk ranar da ya rasa isassun mutane, kotu ce wurin farko da zai rage, tun da masu zaɓe sintiri suke gani, ba sa ganin zauren shari'a. Akwai kuma batun kuɗi: cikakken jami'in tsaro ya fi tsada nesa ba kusa ba a kan ma'aikacin da aka horar don aikin zaure kaɗai.

Abin da ya ƙara zafafa muhawarar shi ne abin da ya auku a birnin Atalanta ranar 11 ga Maris 2005. Wani fursuna mai suna Brian Nichols, wanda ake yi wa shari'ar fyaɗe, ya fi ƙarfin jami'a guda ɗaya tak ta ofishin sherif da aka bar shi da ita yana sake tufafi. Ya ɗauki bindigarta, ya shiga zaure ya harbe alƙali Rowland Barnes da mai rubuta bayanan zama, ya kashe wani jami'in a waje, daga baya ya kashe mutum na huɗu kafin a kama shi. A watan Yuli 2016 an sake ganin irin haka a jihar Mishigan, inda fursuna ya fizge bindigar mai rakiyarsa ya kashe ma'aikatan kotu biyu. A duka biyun, makamin da aka yi kisan da shi na masu tsaro ne. Tun daga nan tambayar ta rabu biyu: wa zai yi tsaron, sannan ya kamata bindiga ta shiga zaure ko ta tsaya a ƙofa?

Wisiye ba mai gadi ba ne

Idan aka fassara belif zuwa Faransanci, kalmar da ƙamus ke bayarwa ita ce huissier, wanda ake kira wisiye a bakin jama'a. Daga nan ruɗani ke farawa, domin wanda ya karanta labarin Amurka a jarida zai iya zaton ana maganar a ba wisiye tsaron kotu.

Asalin sunan yana goyon bayan wannan zato. Huis tsohuwar kalma ce ta Faransanci mai nufin ƙofa, ita ce a cikin huis clos, wato zaman da ake rufe ƙofa a hana ƴan kallo shiga. Wisiye na farko mai tsaron ƙofar zauren sarki ne. Amma aikin ya yi nisa da ƙofar tun da daɗewa. Wisiyen Nijar na yau masanin doka ne mai ofishin kansa, ministan shari'a ke naɗa shi, kuma ba albashin gwamnati yake ci ba, kuɗin aikin da ya yi wa mai ƙara ne abincinsa. Shi ke kai takardar kira, shi ke zuwa ya gani da ido ya rubuta shaida a kan katangar da ta shiga filin maƙwabci ko kayan da suka lalace, shi ke riƙe dukiyar wanda ya ƙi biyan bashi bayan hukunci. Dokokin OHADA, waɗanda Nijar ta shiga tun yarjejeniyar 1993, su ne suka tsara yawancin wannan aiki na karɓo bashi. A ranar zama, wisiye na iya kasancewa a zaure don kiran sunayen masu shari'a, kuma wannan ne kaɗai abin da ya rage masa na tsohon aikin ƙofa.

Ba shi da makami, ba shi da horon riƙe mutum. Shi kansa idan ya je zartar da hukunci aka tare shi da sanduna, sai ya koma ya nemi a haɗa shi da jandarma. Ofisoshin wisiye sun fi yawa a Yamai da manyan biranen jihohi, inda ake da bankuna da ƴan kasuwar da ke iya biyansu. A ƙauyukan Dungas, sammaci ya fi zuwa ta hannun maigari ko sarkin kanto. Akwai kuma matsalar da ta fi waɗannan duka. Mutumin da ɗaya daga cikin masu shari'a ya biya jiya don ya kai wa abokin gabarsa takarda, ba zai yiwu yau ya tsaya tsakaninsu a matsayin mai raba faɗa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ko wisiyen ya yi adalci, wanda aka kai ƙara ba zai yarda ba.

Saboda haka idan za a yi maganar belif a Nijar, ana maganar wata sabuwar ƙungiyar ma'aikata ce da babu ita a yanzu, ba ta wisiye ba.

Abin mamaki, wanda ya fi kama da belif a wannan yanki ya girmi kotun zamani. Dogari ne. A fadar Sarkin Damagaram da fadojin sarakunan kanto irin na Guci, Dungas, Waca da Magariya, dogari ke shigo da masu ƙara, shi ke nuna wa kowa inda zai zauna, shi ke tsawatar wa wanda ya ɗaga murya, shi ke zuwa ƙauye ya taho da wanda aka kira. Mutumin sarki ne ɗungurungum, babu wani shugaba tsakaninsu. Ya san iyalai, ya san wanda ke da zuciya, ya san gidajen da ba a zaunar da su kusa da juna. Kuma yawancin rigingimun wannan yanki a gabansa suke farawa, domin dokar sarautun gargajiya ta 2015, kamar wadda ta gabace ta a 1993, ta ba sarakuna ikon sasanta mutane a kan al'amuran al'ada, rigimar gona kuwa sai an gwada sasantawa a can an rubuta takarda kafin ta isa gaban zuzu. Raunin dogari shi ne ƙarfinsa: kusancin da ya sa ake jin maganarsa shi ne ke sa baƙo, ko makiyayin da ya zo wucewa, ya ji kamar an riga an yanke masa hukunci tun daga zaure.

Gardi kuwa daga wata hanya ya fito. Kakansa shi ne gardi sarki na zamanin Turawa, wanda ke tsaron ofishin kumandan, da gidan kaso, da kotun da kumandan ɗin kansa ke shugabanta, har zuwa 1946 lokacin da aka soke kotunan laifi na ƴan ƙasa. Bayan samun ƴancin kai rundunar ta zama Garde Républicaine, daga baya FNIS, sannan a 2010 ta koma Garde Nationale. Suna ya canja sau da yawa, amma tsaron gine-ginen gwamnati da riƙon gidajen kaso sun ci gaba da zama a wuyanta. Shi ya sa a gari irin Magariya, runduna ɗaya ke tsaron gidan perefe, ita ke tsaron kaso, ita ke fito da fursuna ta kai shi kotu ta mayar.

Abin da ke faruwa a ƙaramar kotu

A ƙidayar 2012, gundumar Magariya na da mutum sama da 570,000, ta Dungas kuma, wadda aka cire daga jikinta a 2011 tare da ƙananan hukumomin Dungas, Dogo-Dogo, Malawa da Guci, na da sama da 350,000. Yanki ne da ke cikin mafi cunkoso a ƙasar, gonaki sun matse, burtali ya ƙuntata, ga iyaka da jihohin Jigawa da Katsina a kudu. Shari'un da suka fi cika kotu a nan su ne na gona, gado, aure, ɓarnar dabbobi bayan damina, satar shanu da babura.

Irin waɗannan shari'u ba mutum biyu ke zuwa ba. Rigimar gona ta gado tana tayar da dangi biyu gaba ɗaya, su cika mota ko su zo a kan babura da amalanke, su zauna a inuwa ɗaya a harabar kotu tun safe suna jiran a kira su. Manomi da makiyayi ba sa rabuwa da wuƙa ko sanda, kuma ba don mugun nufi ba, kayan tafiya ne. Hatsarin da ke cikin ƙaramar kotu ba kasafai yake zuwa daga ɗan ta'adda ba. Ya fi zuwa daga ɗan'uwan da ya ji an karanta hukunci gonar ubansa ta tafi, ko mijin da ya ga matarsa ta samu takardar saki, kuma mintuna goma na bayan hukunci, lokacin da kowa ke fita ta ƙofa ɗaya, sun fi dukan zaman hatsari. Wanda ya tuna abin da ya faru a Toda cikin jihar Maradi a 1991, inda aka kashe mutum sama da 100 a rikicin manoma da makiyaya, ya san inda ƙaramar rigima ke iya kaiwa idan hukuma ta kasa riƙe ta.

A nan ne hujjar masu son kotu ta samu nata ma'aikatan ta fi ƙarfi. Aikin da ake buƙata a zaure na lura ne da sanin mutane: a karɓi wuƙaƙe a ƙofa cikin mutunci a mayar wa masu su in an tashi, a raba dangin biyu tun a harabar, a fitar da ɓangare ɗaya kafin ɗayan, a ware wa matar da ta zo neman saki ko yarinyar da za ta ba da shaida wurin zaman da ba za a yi ta harararta ba. Ana buƙatar mace a cikin masu binciken ƙofa, abin da sau da yawa ba a tuna shi. Gardin da aka horar don fagen daga, aka turo shi yau, gobe aka canja shi da wani, ba laifinsa ba ne idan bai san waɗannan ba.

Sai batun ido. Idan wanda ake tuhuma yana so ya gaya wa alƙali cewa an buge shi a birgad kafin ya amsa laifi, kuma jandarman birgad ɗin ne ke tsaye a bayansa, da wuya maganar ta fita. Haka fursunan da ke son kokawa a kan abin da ake yi masa a kaso, alhali wanda zai mayar da shi can da yamma yana jin duk abin da yake faɗa. Ba sai jami'in ya yi wata barazana ba. Kakinsa kaɗai ya isa. Kuma ranar da shari'a ta shafi wani mai kaki ko wani babba na gunduma, alƙali kan samu kansa yana dogaro, don tsaron ransa, da mutanen da ke karɓar umarni daga ɓangaren da yake yi wa shari'a.

Amma akwai aikin da ma'aikacin zaure ba zai taɓa iya ɗauka ba, wato rakiya. Manyan laifuffuka a Damagaram ake shari'arsu, kimanin kilomita 90 daga Magariya, sai dai in alƙalan ne suka sauko. Fito da fursuna daga kaso a bi hanya da shi aiki ne na masu makami da mota da man fetur. Harin da aka kai gidan kason Yamai ranar 1 ga Yuni 2013, inda aka kashe gardi kuma fursunoni 22 suka tsere, da hare-haren da aka kai Kutukale a 2016 da 2019, sun nuna irin mutanen da wani lokaci ake riƙe da su. Tun daga waɗannan shekaru kuma ake ta jan jami'an tsaro zuwa Difa, Tilaberi, Tawa da kudancin Maradi. Kowane gardi da aka tsayar a ƙofar kotu, an rage shi ne daga wani wuri, kuma kwamandan da ke da mutane kaɗan zai yi abin da sherif ɗin Amurka ke yi. Idan babu rakiya ba a fito da fursuna, idan ba a fito da shi ba sai a ɗage zama. A ƙasar da fiye da rabin mutanen da ke kaso jiran shari'a suke yi, ɗagewa ɗaya na iya zama ƙarin watanni ga wanda wataƙila za a sallama, ga kuma shaidun da suka bar gona suka biya kuɗin mota daga Guci a banza.

Faransa ta gwada raba wannan aiki. Daga 2011 ta fara karɓe rakiyar fursunoni daga hannun ƴan sanda da jandarma tana miƙa wa ma'aikatan gidan kaso, waɗanda ke ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, kuma sai da aka kai 2019 kafin a kammala. A tsakanin nan alƙalai sun sha kuka da zaman da ake ɗagewa don rashin masu rakiya. Ranar 14 ga Mayu 2024 kuma ƴan bindiga suka tare motar kaso a shingen biyan kuɗin hanya na Incarville, suka kashe ma'aikata biyu, suka kuɓutar da Mohamed Amra wanda ake mayarwa kaso daga kotun Ruwan. Ƙasar da ke da kuɗi ke nan, kuma ta ɗauki shekara takwas tana shiri.

Nijar ma ta fara taka wannan hanya ta ɓangaren kaso. Bayan babban taron ƙasa a kan shari'a da aka yi a Yamai a watan Nuwamba 2012, an kafa dokoki a 2017 da suka tanadi ma'aikatan gidan kaso na musamman a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, waɗanda makarantar horar da ma'aikatan shari'a ta EFJN ke koyarwa. Manufar ita ce a hankali su karɓi tafiyar da gidajen kaso daga hannun gardi. Tafiyar ta yi nauyi, kuma gardi ne har yanzu ginshiƙin tsaron kaso. Wanda ke son a ƙirƙiro wata rundunar ta uku don kotuna sai ya fara duba wannan, ya kuma faɗi inda albashinta zai fito, domin kason ma'aikatar shari'a a kasafin ƙasa ƙarami ne ƙwarai, kuma akwai kotunan da ke kukan ƙarancin magatakarda da tafinta tun kafin a zo maganar mai gadi.

Abin da ya fi dacewa da aljihun ƙasar, kuma ya fi kusa da abin da Atalanta ta koyar, shi ne a daina kallon tsaron kotu a matsayin aiki ɗaya. Hanya da ƙofar waje na masu bindiga ne, kuma babu wanda zai karɓe su daga gardi da jandarma nan kusa. Cikin zaure kuwa zai iya zama na mutum biyu ko uku a kowace ƙaramar kotu, mace a cikinsu, marasa makami, masu jin Hausa da Fulatanci ko Barbarci gwargwadon yankin, waɗanda shugaban kotu ke ba umarni kuma ba a canja su kowane mako. Tsofaffin gardi da jandarma da suka yi ritaya suna nan da yawa a garuruwan nan, sun san aikin, kuma ba su da kwamandan da zai kira su. Ko kafin a kai ga ɗaukar ma'aikata, rubutacciyar yarjejeniya tsakanin shugaban kotu da kwamandan gardi na gunduma, wadda ta faɗi mutum nawa za a turo a ranakun zama, da cewa jami'in da ya yi binciken shari'a ba zai tsaya gadi a ranar da ake sauraronta ba, ba ta buƙatar sabuwar doka ko ƙarin dala ɗaya a kasafi.

Tsarin shari'ar ƙasar ya tanadi ƙaramar kotu a babban garin kowace gunduma, kuma gundumomin sun tashi daga 36 zuwa 63 a 2011. Kowace sabuwar kotu da aka buɗe tana zuwa da ƙofarta, da harabarta, da fursunonin da za a riƙa kawo mata, wani lokaci daga kason wata gundumar, kuma daga runduna ɗaya ake ɗibar masu tsaron dukansu.